Tambayoyi da amsoshi akan kuɗin tsaro a Saudiyya: nawa ake kashewa, ina suke shiga, kuma ina ruwan ɗan takari

Waɗannan tambayoyin daga bakin mutanenmu mazauna Makka da Jidda da Madina suka taru, kusan su ɗin ne ake maimaitawa duk shekara, ko dai a ƙarshen shekara in an fitar da kasafin kuɗi, ko in Hajji ya matso an fara tsaurara bincike a hanyar shiga Makka. Wasu a majalisa akayi min su bayan isha'i, wasu ta waya. Na haɗa su wuri ɗaya don kowa ya huta.

Malam wai nawa Saudiyya take kashewa a harkar tsaro a shekara ɗaya?

Bari mu ɗauki kasafin 2025 tunda alƙalumansa a fili suke. Gaba ɗaya kuɗin da gwamnati tace zata kashe riyal biliyan 1,285 ne. A ciki an ware wa ɓangaren soja biliyan 272, sannan akwai wani layi daban da suke kira tsaro da gudanar da yankuna, shi kuma biliyan 121. In ka haɗa biyun 393 kenan, wato kusan kashi 30 cikin 100 na duk abinda ƙasar zata kashe. Ilimi a wannan shekarar biliyan 201 aka bashi, lafiya da walwalar jama'a 260, kaga kenan soja kaɗai ya fi kowannensu.

Mai son ya maida shi dala lissafin ba wuya, tun 1986 riyal yake a ɗaure da dala akan 3.75, don haka biliyan 121 ɗin nan ya haura dala biliyan 32 kaɗan, na soja kuma wajen dala biliyan 72 da rabi.

To wannan biliyan 121 ɗin su waye suke cinsa?

Mafi yawan waɗanda kake cin karo dasu kullum. Shurɗa wato 'yan sanda, 'yan murur masu kula da titi, jawazat masu kula da fasfo da takardun zama, masu gadin iyaka, difa'ul madani masu kashe gobara, gidajen yari, masu yaƙi da ƙwaya, har da ofisoshin imara na yankuna 13 ɗin ƙasar, shi yasa ma aka haɗa sunan da gudanar da yankuna. Kenan ba duka bane kuɗin farautar ɗan ta'adda, babban kaso albashi ne da alawus da motoci da man da zasu sha da gine-gine, motar sintirin da kake gani tsaye a bakin unguwa injinta na kunne har asuba saboda AC daga nan ake zuba mata mai. Ministan cikin gida tun watan Yunin 2017 shine Yarima Abdul'aziz bin Sa'ud bin Nayif.

Soja kuma nasu daban ne, ma'aikatar tsaro da Harasul Waɗani, wato dakarun gadin ƙasa, wanda tun 2013 ya zama ma'aikata mai cin gashin kanta.

Yaya ni abinda ban gane ba, ƙasar da zaka bar shago a buɗe ka tafi sallah ka dawo ba abinda ya taɓa, tsoron me takeyi har take zubar da wannan dukiyar?

Duk wanda ya zo ƙasar nan bayan 2018 ko 2019 dole yayi wannan tambayar, don shi zaman lafiyan ya tarar. Amma ka zauna da dattawan Shara Mansur ko Misfala waɗanda aka haifa a nan su baka labari.

Ranar 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, da asuba Juhaiman Al-Utaibi da mutanensa ɗaruruwa suka shiga Haramin Makka da bindigogi suka kulle ƙofofi, wai Mahdi ya bayyana. Sati biyu ana gumurzu a cikin masallacin da ko sauro mutum yake jin nauyin kashewa, ɗawafi ya tsaya, daga ƙarshe suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sai da aka nemi shawarar ƙwararru daga Faransa kafin a fito dasu. A watan Janairun 1980 aka zartar da hukuncin kisa akan 63 daga cikinsu. Duk wani tsaro da kake gani a Harami yau tushensa yana komawa can.

Daga nan sai 1995 bom ya tashi a Riyad a wani ofishin horar da Harasul Waɗani, 1996 aka kai hari gidajen sojojin Amurka a Khubar aka kashe 19. Amma abinda ya juya ƙasar gaba ɗaya shine daren 12 ga Mayun 2003, lokacin da Alƙa'ida ta kai hari rukunin gidaje uku a Riyad lokaci guda mutum sama da 30 suka mutu, kafin mutane su dawo hayyacinsu a watan Nuwamba cikin azumi aka sake kai wani a rukunin gidajen Muhayya, wannan karon galibin waɗanda suka mutu Larabawa ne musulmi har da yara, toh a nan ne ma masu cewa ai Turawa ake hari bakinsu ya mutu. 2004 aka kai wa ofishin jami'an tsaro hari a Riyad, a Disamba aka shiga ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a nan Jidda, Fabrairun 2006 aka yi yunƙurin tarwatsa matatar Buƙaiƙ inda mafi yawan man ƙasar yake bi. A 2009 wani ya zo har gidan Yarima Muhammad bin Nayif a Jidda da sunan ya tuba zai miƙa kansa, ashe da bom a jikinsa, shi ya mutu yariman ya tsira da ɗan rauni.

Ana cewa an gama da Alƙa'ida sai ga Da'ish. A 2015 sun tada bom a masallacin Ƙudaih a yankin Ƙaɗif ranar Juma'a, a watan Agusta suka tada wani a masallacin jami'an tsaro na musamman a Abha mutum 15 suka rasu. Wanda mutanen Madina bazasu manta ba kuwa na 4 ga Yulin 2016 ne, ƙarshen Ramadan ana shirin buɗa baki, ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi kansa a wajen ajiye motoci kusa da masallacin Annabi (SAW), jami'ai huɗu suka rasu. Shekara ɗaya bayan haka a unguwar Ajyad dab da Haramin Makka aka kewaye wani a gida ya tarwatsa kansa.

Saboda haka shagon da kake bari a buɗe ba haka kawai ya samu ba, biyan kuɗinsa akeyi duk shekara.

Menene Amnud Daula ɗin nan da mutane suke rage murya in za su ambace ta?

Hukumar tsaron ƙasa ce da Sarki Salman ya kafa a watan Yulin 2017, wata ɗaya bayan an sauke Muhammad bin Nayif daga yarima mai jiran gado da kuma ministan cikin gida. Aka ɗebo mabahis, wato 'yan sandan ciki, da dakarun tsaro na musamman da dakarun gaggawa da jiragen tsaro da sashen binciken hada-hadar kuɗi, duk aka cire su daga ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida aka haɗa su a hukuma ɗaya da take kai rahoto kai tsaye wajen shugaban majalisar ministoci. Abdul'aziz Al-Huwairini aka naɗa ya shugabance ta. A taƙaice dai zancen ta'addanci da leƙen asirin cikin gida nasu ne, zancen igama (takardar izinin zama) da hatsarin mota da faɗan maƙwabta na ma'aikatar cikin gida ne. Shari'ar irin waɗannan laifukan kuma ba kotun da ka sani ake kaiwa ba, akwai kotu ta musamman da aka kafa tun 2008.

Mu da ba a cire mana haraji a albashi, ai babu sisinmu a ciki ko?

Akwai mana Alhaji. Gaskiya ne har yanzu mai shine uban tafiya, fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati daga shi yake, kuma gaskiya ne ba a taɓa albashin ma'aikaci. Amma ka duba rasit ɗin da aka baka a baƙala, wato shagon unguwa. Harajin kaya ya fara a Janairun 2018 da kashi 5, a Yulin 2020 lokacin korona aka ninka shi uku ya koma 15. Mai iyali a kan igamarsa ya san kuɗin murafiƙin, wato na iyalin da suke zaune a ƙarƙashinsa, ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, yana hawa duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020, mutum mai mata da 'ya'ya huɗu riyal 2,000 kenan duk wata, shine ma dalilin da yasa da yawa suka maida iyali Kano da Damagaram suka zauna su kaɗai. Ga kuɗin da kamfani yake biya kan kowane ma'aikaci baƙo, 700 ko 800 a wata, wanda ko ba a faɗa maka ba a jikinka yake ƙarewa. Ga kuma tarar kamarar Sahir mai kama masu gudu da ta haska ka a hanyar Madina.

Duk baitulmali ɗaya suke shiga, daga can ake rabawa. Ba wai an rubuta cewa 400 ɗinka na sayen harsashi bane, amma in kashi 30 na kowane riyal tsaro yake tafiya toh naka ma haka.

Tsaron Hajji fa, shima yaƙi da ta'addanci ne ko neman kuɗi ne kawai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji?

Wannan tambayar da ɗaci ake yinta, kuma na fahimta, mutum yana zaune a Makka shekara da shekaru yana hango Mina daga saman gidansa amma ace sai da takarda. Sai dai a Hajji abinda ya fi kashe mutane ba bom bane, cunkoso ne da zafin rana. A 1987 anyi arangama tsakanin masu zanga-zanga 'yan Iran da jami'an tsaro mutum sama da 400 suka mutu, wannan shine na siyasa. Amma turmutsitsin Mina na 2015 gwamnati tace 769, lissafin da aka haɗa daga ƙasashe ya haura 2,000, mu kanmu 'yan Najeriya da Nijar mun rasa mutane da yawa har da manyan malamai. A 2024 mutum 1,301 suka rasu galibi saboda zafi, kuma hukuma tace kashi 83 cikin 100 basu da tasrihi, wato basu da tanti basu da mota, a ƙafa suke tafiya cikin rana.

Bayan wannan ne aka ɗaure abin tamau. Tarar yin Hajji ba tasrihi da take riyal 10,000 a 2024 ta koma 20,000 a 2025, wanda ya ɗauko mutum a mota ko ya bashi masauki tasa tana iya kaiwa 100,000, baƙo kuma a kore shi a hana shi shigowa shekara 10. Kafin Hajjin 2025 sun ce sun juyar da mutum sama da 269,000 daga mashigan Makka. Ka tsaya ka lissafa jami'an da ake buƙata su tsare kowace hanya har da ta cikin duwatsu, ga jirage marasa matuƙi suna shawagi, ga dubban kamarori da ɗakin da ake zaune ana kallonsu dare da rana, zaka gane tarar da ake karɓa ko kusa bata biyan wannan. Ni a ganina ba neman kuɗi bane. Inda ƙorafin talaka yake da gaskiya shine tsadar Hajjin cikin gida ta halal ɗin, wannan kuwa magana ce ta daban.

Ance har kuɗi da mota ake ba 'yan ta'addan da suka tuba, da gaske ne?

Da gaske ne an kashe kuɗi sosai a nan. Shirin Munasaha ya fara ne a 2004 a cikin gidajen yari, malamai suna zama da fursuna suna warware masa shubuhohin da aka cusa masa, daga baya aka gina cibiya ta musamman a Riyad mai sunan Muhammad bin Nayif. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa, akwai koyon sana'a, har waɗanda aka dawo dasu daga Gwantanamo sun bi ta nan, kuma an taimaka wa wasu da aikin yi da kuɗin aure. Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce ba a sakin mutum haka kawai, sai danginsa sun sa hannu sun tsaya masa, in ya gudu su za a tambaya. Duk da haka wasu sun koma, akwai waɗanda suka fita suka tsallaka Yaman suka zama manyan Alƙa'ida a can.

Mu ma muna da irinsa, Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, sansaninsa na Malam Sidi a jihar Gombe. Abinda yake ƙona ran mutanen Barno shine su ga tubabbe ya fito da jari alhali wanda aka kashe wa iyaye yana sansanin gudun hijira. A nan Saudiyya wannan ƙorafin bai yi ƙarfi ba saboda iyalan jami'an da aka kashe suma gwamnati tana ɗaukar nauyinsu. In zaka yi ɗaya dole kayi ɗayan.

Ɗana, ni 'yar aikatau ce, ta hannun wani ɗan garinmu nake aika kuɗi gida ya ba 'ya'yana naira. Ance min wai laifi ne, ina ruwana da ta'addanci?

Hajiya babu ruwanki, amma ki saurara da kyau don wannan ita ce tambayar da tafi shafarmu a duk cikin waɗannan. Kaso mai yawa na aikin yaƙi da ta'addanci yanzu ba da bindiga ake yinsa ba, bin sawun kuɗi ne. Tun bayan harin 2003 aka hana akwatunan tara sadaka a masallatai, aka hana kowa tara taimako ba da izini ba, shi yasa a 2021 suka buɗe manhajar Ihsan don sadaka ta bi ta hanyar da ake gani. A Yunin 2019 Saudiyya ta zama cikakkiyar mamba a FATF, ƙungiyar duniya mai sa ido kan safarar kuɗin haram, ita ce ƙasar Larabawa ta farko da ta shiga, kuma wanda ya shiga dole ya riƙa nuna yana kama mutane.

Matsalar hawala ita ce ke kin san riyal 500 ɗinki na kuɗin makaranta ne, amma baki san na waye aka haɗa da naki ba, shi kansa mai karɓan wani lokacin bai san wanda yake biyan nairar a can ba. A Abu Dabi an taɓa ɗaure 'yan Najeriya shida, labarin ya fito a 2020, akan tura wa Boko Haram dala 782,000, biyu ɗaurin rai da rai huɗu shekara goma-goma, iyalansu suna ta cewa harkar canji kawai sukeyi. Ko da gaskiyarsu ko babu, sun dai shiga.

Mai igama ya bi ta banki ko kamfanonin tura kuɗi masu lasisi, ya riƙe rasit. Abinda ya fi komai hatsari kuma shine ka ara wa wani asusunka, ace maka za a turo kuɗi ka ciro a baka ɗari biyu na shan shayi. Ɗan aikin da albashinsa 1,500 amma dubu tamanin tana shiga tana fita a asusunsa duk wata, kwamfutar banki da kanta take ɗaga shi, ba sai wani ya kai ƙara ba. Haka in zaka fita ta filin jirgi da kuɗi ko zinari mai yawa ka bayyana, iyakar da aka daɗe ana aiki da ita riyal 60,000 ce. Masu tara kuɗin gina masallaci a ƙauye ko na marayu ta WhatsApp suma su kula, niyya mai kyau bata hana a tambaye ka izini.

Waya fa? Da gaske suna ganin abinda muke rubutawa?

Ka ɗauka suna gani, shine zaman lafiyarka. Layinka da yatsarka aka yi masa rajista, Abshir ɗinka, manhajar gwamnati ta harkar takardu, da lambarka yake haɗe. A Mayun 2017 aka buɗe cibiyar I'itidal a Riyad, wadda Sarki Salman da Trump da Sisi suka dafa ƙwallon nan mai haske, aikinta kenan bin abinda masu tsattsauran ra'ayi suke yaɗawa a intanet. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya kai mutum shekara 5 da tarar riyal miliyan 3 akan abinda aka ga ya taɓa zaman lafiyar jama'a. Dokar ta'addanci ta 2014 kuma an sauya ta da wata a Nuwamban 2017, kuma tun Maris 2014 jerin ƙungiyoyin da aka haramta ya haɗa da Da'ish da Nusra da 'yan Huthi na Yaman da Ikhwan.

A nan ne ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam suke sukar ƙasar, suna cewa ma'anar ta'addanci a dokar tayi faɗi da yawa har tana haɗiye mai sukar gwamnati da baki kawai, kuma an yanke wa mutane shekaru masu yawa akan rubutun Twitter. Sun kuma yi magana akan mutum 47 da aka kashe rana ɗaya a Janairun 2016 da 81 a Maris 2022. Gwamnati tace duk ta hanyar kotu aka bi. Kai dai baƙo abinda ya rage maka shine kar ka tura bidiyon da baka san asalinsa ba, kar ka ɗauki hoton jami'i ko shingen bincike, siyasar gidanku ma in zaka yi kayi da hankali.

Kamen marasa igama da akeyi kullum, a cikin wannan kasafin yake?

A ciki yake, kuma shine fuskar tsaron da mutanenmu suka fi sani, don da yawanmu basu taɓa ganin ɗan ta'adda ba amma kowa yana da wanda aka kai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida. Babban kamen ya fara ne a Nuwamban 2013 bayan wa'adin afuwa ya ƙare, aka sake wani a 2017, yanzu kuwa duk sati ma'aikatar cikin gida tana fitar da adadi, sau da yawa tsakanin dubu goma sha wani abu zuwa ashirin da 'yan kai. Wanda ya shigo da mutum ta ɓarauniyar hanya ko ya ɓoye shi hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya.

Su a wajensu duk wanda babu yatsarsa a kwamfuta ɓaraka ce a tsaro, ko mai sayar da ƙosai ce a unguwar Karantina ta Jidda. Na'urar da aka saya don ta gano mai bom ita ce dai take gano tsohuwar da ta zo Umara shekara 30 da suka wuce bata koma ba, bata bambancewa. Abin tausayin shine waɗanda aka haifa a nan, Larabci ne a bakinsu, a sauke su a Kano basu san ko Fagge ba.

Suna taimaka wa ƙasashenmu da wani abu kuwa?

Akwai. Cibiyar yaƙi da ta'addanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuɗin Saudiyya aka kafa ta, dala miliyan 10 a 2011 sannan miliyan 100 a 2014. A Disamban 2015 aka sanar da ƙawancen sojan ƙasashen musulmi 34, hedikwata a Riyad, Najeriya da Nijar da Cadi da Sudan duk sunansu ya fito. A 2017 kuma tayi alƙawarin wajen dala miliyan 100 ga rundunar G5 Sahel. Sai dai gaskiya taro da horaswa sun fi yawa a ciki, mutumin Zurmi ko Diffa bai ga canji ta dalilinsu ba, ita G5 ɗin ma ta watse bayan Mali da Burkina da Nijar sun fice.

Toh Malam ga babbar tambaya, mu ma Najeriya tsaro ne yake cin kaso mafi tsoka a kasafi, me yasa namu baya aiki?

Abu biyu ne kuma mutane suna son su riƙe ɗaya su saki ɗaya.

Na farko kuɗin ba ɗaya bane ko kusa. A kasafin 2025 da Tinubu ya gabatar naira tiriliyan 4.91 ya ware wa tsaro, a canjin 1,500 da aka gina kasafin akai dala biliyan 3 ne da ɗan ɗoriya, wajen riyal biliyan 12 kenan, na soja da sauransu. Gaba ɗaya kasafin tarayya da aka sa wa hannu tiriliyan 54.99 ne, wajen dala biliyan 36. Ka tuna tsaron cikin gidan Saudiyya kaɗai banda soja dala biliyan 32 ne. Wato abinda suke kashe wa shurɗa da jawazat da 'yan uwansu ya kusa kai duk abinda gwamnatin tarayyarmu take kashewa a komai da komai. Su ƙidayar 2022 ta basu mutum miliyan 32, miliyan 13 a ciki baƙi ne, mu mun haura miliyan 200. Wanda yace kawai a kwaikwayi Saudiyya bai yi wannan lissafin ba.

Na biyu kuma, ɗan abinda ake dashi ɗin baya isa inda aka aike shi. Har yau ana maganar zargin dala biliyan 2.1 na makamai na zamanin Sambo Dasuki. A Disamban 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don yaƙi da Boko Haram, jiragen Super Tucano 12 dai mun gansu sun fara isowa a 2021. Ga kuɗin tsaron da gwamnoni suke karɓa duk wata ba mai tambayar rasit, wanda Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara. An haɗa layin waya da NIN tun ƙarshen 2020, mutane suka sha layi a rana, amma har gobe ɗan bindiga yana kiran iyalan wanda ya sace su yi ciniki a waya sati guda. A nan ka gwada yin barazana da layinka ka ga ko zaka kai magariba. Na'urar kusan iri ɗaya ce, bambancin akwai wanda yake zaune a bayanta an biya shi albashinsa kuma ya san in yayi sakaci za a tambaye shi.

Askarin nan Saudiyya, wato ɗan sandansu, baya tsayar da kai don ka bashi na goro, ba don shi waliyyi bane, albashinsa yana isarsa kuma abinda zai rasa in an kama shi ya fi abinda zai karɓa. Namu ɗan sandan shi yake ɗinka kakinsa wani lokacin har man motar sintiri sai mai ƙara ya saya.

Su a nan ba a cin kuɗin ne?

Ana ci. Hukumar Nazaha mai yaƙi da cin hanci tana sanar da kama ma'aikata akai-akai kuma ma'aikatar cikin gida da ta tsaro suna yawan fitowa a jerin, a 2020 ma an sauke kwamandan rundunar haɗin gwiwa ta yaƙin Yaman akan zargin almundahana. Kuma kasafin da ake bugawa jimillar ɓangarori ce, ba zaka ga nawa kowace hukuma ta kashe akan me ba, babu zaɓaɓɓiyar majalisa da zata kira minista ta titsiye shi, babu jaridar da zata tono. Binciken daga sama yake saukowa.

Yanzu da abubuwa suka lafa za a rage kuɗin?

Da wuya, don barazanar salo ta canza. Ranar 14 ga Satumban 2019 jirage marasa matuƙi da makamai masu linzami suka faɗa cibiyoyin mai na Buƙaiƙ da Khurais, cikin dare ɗaya ganga miliyan 5.7 a rana ta tsaya, kusan rabin abinda ƙasar take haƙowa. Mutanen Jidda kuma sun ga hayaƙin ma'ajiyar Aramco a Maris 2022 ana tsaka da shirin tseren motoci. Jirgin da ake harhaɗawa da 'yan dubban daloli sai ka harba masa makamin Patriot na miliyoyin daloli kafin ka kakkaɓo shi, kamar ka sayar da sa ne ka sayi maganin ɓera, amma in baka harba ba asarar ta fi haka. Ga iyaka, katangar arewa ta wajen Iraƙi kaɗai kusan kilomita 900 ce, ta kudu wajen Jazan da Najran duwatsu ne ta nan ƙwaya da masu tsallakowa suke bi. Ga Expo a Riyad 2030, ga kofin duniya 2034, kowanne sai an tsare shi.

Abinda suke ƙoƙarin yi shine kuɗin ya daina fita waje. A 2017 suka kafa kamfanin ƙera kayan soja na SAMI da hukumar GAMI mai kula da harkar, da burin nan da 2030 rabin abinda ake kashewa a kayan soja a cikin gida za a ƙera shi, lokacin da aka fara maganar abinda ake yi a gida bai wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Kasafin 2025 da giɓin biliyan 101 aka rubuta shi, an jinkirta wasu manyan ayyukan gine-gine saboda farashin mai, amma layin soja daga 269 a 2024 hawa yayi zuwa 272, na tsaron cikin gida daga 112 zuwa 121.